Yadda Ake Gwada Tawada Mai Launi Kafin a Ɗora Ta a Takardar Aiki

Jan da ya ɗauki idonka a cikin kwalba a kanti yana iya komawa ruwan hoda bayan wata 2 a jikin bango. Kore kan ɓullo ta bayan shafi ya ɓata rubutun da ke can, baƙi kuma ya riƙa ɓarewa kamar busasshen koko a ƙwarya. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu watanni yake shafewa a kan aiki guda, mai zayyanar allon sauka kuwa da sunansa yake sayar da allon. Don haka kafin a buɗe sabuwar kwalba a kan aikin gaske, ana bukatar takarda 3 ta asara da haƙurin wata guda. Ga yadda ake yi a yanayi irin na Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu, hunturu ya busar da komai, damina kuma ta jiƙa abin da ke cikin gafaka ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa shi ba.

Rini ce ko gari?

Wannan ce tambayar farko, kuma yawancin amsoshin da za su biyo baya daga ita suke fitowa. Tawada mai launi iri 2 ce. Akwai ta rini, wadda launinta ya narke a ruwa kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Tana da haske, tana gudu a alƙalami, ba ta kwantawa a gindin kwalba, amma tana shiga cikin zaren takarda, kuma rana tana cinye yawancinta. Akwai kuma ta gari, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a ruwa ba su narke ba, kamar kamu kafin a dama. Ita a saman takarda take zama, dole sai da abin da zai manna ta, kuma galibi ta fi jure rana nesa ba kusa ba.

Abin mannawar ma yana da nasa hukunci. In ƙaro ne, ruwa zai sake narkar da tawadar ko bayan shekara 50. In shalak ne, wato danƙon da ake sa wa tawadar Indiya, ko akirilik, to da ta bushe ta bushe ke nan, a takarda da kuma a bakin alƙalaminka in ka yi sakaci.

Kana iya tambayar mai kanti, "Alhaji, wannan ta rini ce ko ta gari?" Sau da yawa amsar ita ce, "Malam, mai kyau ce, kowa ita yake saye." Kada ka ja maganar. Ɗaga kwalbar ka duba gindinta a hasken rana: in akwai laka a kwance, gari ce. In tana sheƙi garau kamar zoɓo, rini ce. A gida kuma ka yanki tishu mai kauri, tsawon santimita 10, ka ɗiga tawadar santimita 2 daga ƙasa, ka tsoma ƙasan a ruwa ba tare da ruwan ya kai ga ɗigon ba. Cikin minti 5 rini zai bi ruwa ya haura, har ya rarrabu, ka ga baƙin da ka saya ashe shuɗi ne da ja da ɗan rawaya aka gwama. Gari kuwa kusan a inda ka ɗiga shi zai tsaya. Kwalaben kamfanonin kirki suna ɗauke da lambar garin a jiki: PBk7 baƙin gawayi ne, PR101 jan ƙasa, PY42 rawayan ƙasa, PB15 shuɗi, PG7 kore. Duk waɗannan masu jure rana ne. Kwalbar da ba ta faɗi komai ba sai sunan launi, ka ɗauke ta a matsayin rini har sai gwaji ya wanke ta.

Takarda da alƙalamin gwaji

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gwada tawada a takardar fotokwafi mai giram 80 sannan a je a yi aiki a wata takarda daban. Rabin halin tawada a hannun takarda yake. Tsofaffin littattafan zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na bayansa, irin waɗanda ke ajiye a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, da yawansu a takardar Italiya mai alamar jinjirin wata 3 aka rubuta su, wadda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus. Da tsumma aka yi ta, aka kuma shafe fuskarta da danƙo, shi ya sa tawada ke zama a kanta ba ta nashewa. Yawancin takardar yau da niƙaƙƙen itace ake yin ta, kuma kowane kamfani da irin shafen da yake yi. Saboda haka ka ciro shafi 3 daga cikin ainihin ƙunshin da za ka yi aiki da shi. Don rubutu gaba da baya, giram 100 zuwa 120 shi ne mafi ƙaranci. Don zane mai shan launi, giram 200 zuwa 300.

Alƙalami ma haka: wanda za ka yi aikin da shi, na gamba ne ko na kara ko mai bakin ƙarfe. Fiƙe guda 2, ɗaya siririn wasali, ɗaya mai faɗin milimita 2 ko 3. Kowane launi da nasa alƙalami, domin gamba tana shan tawada, ba ta wankuwa sarai. Sabon bakin ƙarfe yana zuwa da maiƙon masana'anta, tawada ba ta kama shi. Goge shi da ɗan man goge baki ko sifirit tukuna, in ba haka ba za ka ɗora wa tawada laifin da ba nata ba.

A saman kowane shafi rubuta sunan tawadar, ranar gwaji, da yanayin garin da fensir. Gwajin Janairu da na Agusta ba sa ba da amsa ɗaya.

Gwajin zama ɗaya

Girgiza kwalbar, zuba kamar cokalin shayi 1 a murfi ko ƙaramin kurtu. Kada ka riƙa tsoma alƙalami a uwar kwalba.

Fara da basmala ko kowane layi da hannunka ya saba, sau 3 ba tare da ka sake tsomawa ba, ka ƙirga kalmomin da tsomi ɗaya ya kai ka. Tawadar da ta zubo gaba ɗaya a harafin farko ta yi dunƙule, ta cika ruwa. Wadda sai ka danna kafin ta sauko, ko take yankewa a tsakiyar jan alif, ta yi kauri ko ƙaronta ya yi yawa. Mai kyau tana sauka da nauyin alƙalami kawai, wutsiyar nun da ya'u kuma su ƙare sirit ba tare da tsalle ba.

Sai ka kawo idonka kusa, ko ka ɗauki hoto da waya ka faɗaɗa. Gefen harafi ya kamata ya fita kamar yankan reza. In ka ga ƙananan gashi suna fita daga gefen kamar saiwar albasa, tawadar tana nashewa: ta bi zaren takarda. Dalili ɗaya ne cikin 3, ko ruwanta ya yi yawa, ko an sa mata sinadarin sa gudu don alƙalami mai tanki, ko takardar ba ta da shafe. Ɗigo 2 na ruwan ƙaro a kowane cokalin shayi yakan gyara na farko da na biyu. Na ukun sai canjin takarda.

Juya shafin. Inuwar rubutu daga baya ba laifi ba ce in takardar ba ta da kauri. Ɗigo-ɗigon launi da suka huda suka fito su ne laifi, kuma kore da shunayya na rini sun fi kowa wannan hali. Tawadar da ta huda ba ta shiga aikin gaba da baya, komai kyanta.

Don bushewa, ja gajerun layuka 5, ka shafa yatsa a kan na farko bayan daƙiƙa 5, na biyu 10, sai 20, 40, da 60. A hunturu kusan kowace tawada tana bushewa kafin 20, har matsalar ta koma kan alƙalami, inda take daskarewa a tsaga tun kana tunanin kalma ta gaba. A damina wadda ta wuce 60 ba ta bushe ba za ta riƙa bin gefen hannunka. Tawadar hatimi da ake ɗurawa a soso, wadda wasu ke ɗauka don arha, da gangan aka yi ta kada ta bushe da wuri, don haka a takarda mai santsi tana iya kwana tana shafewa. A bar wa ofis kayansa.

A ƙarshe cika murabba'i mai santimita 2 da buroshi, shafa ɗaya, sannan rabin murabba'in ka ƙara shafa ta biyu bayan ya bushe. Nan za ka ga ko launin yana kwanciya bai ɗaya ko yana barin sawu, da ko shafa ta biyu tana tayar da ta farko. Mai zayyana ya fi kowa bukatar wannan.

Ja a gefen baƙi

A nan ne aiki ya fi lalacewa, kuma a nan ne mutane suka fi tsallakewa. A mushafin Warshu na hannu, baƙi ke ɗauke da haruffa, ja ya ɗauki wasali, rawaya ya ɗauki hamza, kore kuma alamar alifin da ba a furtawa in an haɗa karatu, ga alamomin aya da kumsa (ta kowace aya 5) da kuri (ta kowace aya 10), ga zayyanar sumuni, rubu'i, nusufi da izu a gefe. Ma'ana, launuka 3 masu ruwa za su zo su taɓa baƙin da ya riga ya bushe, sau dubbai.

Rubuta layi da baƙarka, ka bar shi awa 24. Sannan ka sa wasali da jan kamar yadda za ka yi a aiki, da gangan kuma ka bar wasu su taɓa harafin. Ja layi guda na ja ya ratsa baƙin. Abin dubawa 2 ne: ko jan ya jawo baƙi ya zama ruwan ƙasa mai datti, da ko bakin alƙalamin ya ɗauko baƙi ya kai cikin kurtun ja. Baƙin gawayi mai ƙaro, irin tawadar allo, kullum yana faɗuwa a wannan gwaji, domin ruwan jan yana narkar da ƙaronsa. Baƙin bagaruwa da ƙarfe yana tsayawa in ya kwana, tawadar Indiya mai shalak ma haka. Maimaita da rawaya, wanda ya fi ja saurin nuna datti, sannan da kore.

Akwai kuma faɗan da ido ba ya gani a ranar farko. Tawadar bagaruwa tana da tsami. Bula, wato shuɗin wanki da masu zayyana ke so saboda arha da jure rana, tsami ne maƙiyinsa: ɗiga masa lemun tsami ka ga yadda yake fari. In shuɗin bula zai zauna a jikin baƙin bagaruwa, bar siririn fili a tsakaninsu. Gangamau kuwa da ya haɗu da abu mai kanwa sai rawayansa ya koma ja. Saboda haka ka bar wannan shafin ya yi mako kafin ka yanke hukunci.

Ruwa, gumi da laima

Bayan awa 24, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan rubutun, ƙirga daƙiƙa 30, ka ɗora tishu ka ɗaga ba tare da gogawa ba. Abin tambaya shi ne ko ana iya karanta abin da ya rage. Tawadar da ta zubar da ɗan launi amma ta bar harafi a tsaye ta ci. Wadda ta bar tabo kawai, kamar yawancin tawadar alƙalami mai tanki, ta dace da littafin atisaye. Sai ka shafa ɗan yatsa mai gumi a wani layin, domin littafin da ake karantawa kullum da gumi yake haɗuwa fiye da ruwan sama.

Gwajin laima an fi mantawa da shi, alhali mushafinmu warwatse yake, shafi a kan shafi a cikin tadarishi. Haɗa fuskar shafin gwaji da farar takarda, saka su a leda tare da ɗan tsumma mai danshi a gefe ba tare da ya taɓa su ba, ɗora littafi mai nauyi, ka bari su kwana. In da safe sun manne, ko rubutun ya bar hotonsa a farar takardar, ƙaro ko zuma ya yi yawa. Abin da Agusta zai yi wa aikinka ke nan. Tawadar akirilik mai kauri ma tana manne shafuka in zafi ya yi tsanani.

Ninke takardar a kan wani harafi mai kauri ka buɗe. In tawadar ta tsage ta zubo, ƙaro ya yi yawa, kuma za ka lura tana ƙyalli fiye da kima. In ka goga busasshen yatsa ta biyo ka kamar gari, ƙaro ya yi kaɗan.

Rana

Wannan ne mai cin wata guda, kuma babu hanyar gaggauta shi. Ja faffaɗan layi na kowane launi daga gefe zuwa gefe a shafi na uku. Yanke kashi ɗaya cikin 3 ka ɓoye a cikin littafi. Sauran ka rufe rabinsa da kwali mai kauri, ka manna a jikin gilashin taga fuskarsa na kallon waje. Taga mai kallon yamma ta fi, domin a Sakkwato rana tana karkata kudu a hunturu ta koma arewa a tsakiyar shekara, amma yamma kullum tana samun rabonta. Duba a rana ta 7, ta 14 da ta 30, kana gwada ɓangaren da ke buɗe da wanda ka ɓoye.

Abin da za ka gani kusan sananne ne. Gangamau da zoɓo da kalar abinci ba sa kai mako. Ruwan hoda, shunayya da ja na rini su ke biye. Jan ƙasa, rawayan ƙasa, baƙin gawayi da bula ba sa motsi. Wasu kamfanoni suna rubuta darajar jure haske a kwalba: a ma'aunin da ke tafiya daga 1 zuwa 8, nemi 7 ko 8, a wanda ke amfani da I da II, I ne mafi kyau. Ko da an rubuta, yi naka gwajin.

Ba kowace tawadar da ta faɗi a nan ce abin zubarwa ba. Zanen da za a ɗauki hotonsa a buga, ko littafin da zai zauna a rufe, rini ya ishe su. Amma ayar da za a sa a firam a rataye a zaure, ko allon zayyana da zai zauna a falo shekaru, gari kawai. Wasali kuma, a ra'ayinmu, ko a rufaffen littafi bai kamata a ba rini amanarsa ba. Harafi yana nan baƙi ƙirin, wasalinsa ya dushe, mai karatu ya shiga canki.

Na gida

Baƙin takarda, wanda mutanen tsangaya ke kira yambari, daga bagaruwa yake, wadda majeman Sakkwato ke jima fatar jar akuya da ita. Ga ma'aunin farawa. Busasshiyar bagaruwa giram 60 bayan an cire 'ya'yan, a daka sama-sama, a jiƙa a ruwa mililita 600 kwana guda. A dafa a tukunyar ƙasa da wuta kaɗan har ruwan ya koma rabi, a tace sau 2 da ƙyalle mai laushi. A jefa ƙusoshin ƙarfe kamar 10, ko kashin maƙera. Banda ƙusa mai farin shafe irin ta rufin kwano, shafen yana hana ƙarfen fita. Kullum a ja layi a gani, tsakanin kwana 3 da 7 za ta kama. Da ta kama a cire ƙarfen. Masu barinsa a ciki wai don ta ƙara baƙi suna tara wa takarda ajali ne, domin rarar ƙarfe da tsami su ke cin takarda, a fara ganin inuwa ruwan ƙasa kewaye da harafi, a ƙarshe harafin ya zama rami. Ita wannan tawada da rauninta take sauka, ruwan toka-toka, sai ta sha iska ta yi baƙi. Kada a yi mata hukunci sai washegari. Tana cin bakin ƙarfe, gamba ce abokiyarta.

Ruwan ƙaro: kashi 1 na farin ƙaron dakwara, kashi 2 na ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a bari ya kwana, a tace. A mililita 300 na tawada a fara da cokalin shayi 4, a gwada, a ƙara har 6 in da bukata. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce babu. A hunturu ɗigon zuma 1 a mililita 30 yana hana tsagewa. Fiye da haka gayyatar tururuwa ce.

Ja iri 2 ne. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, ana jiƙa giram 20 a ruwan ɗumi mililita 250 da kanwa ɗan abin da bakin cokali ya ɗauka. Kanwa ce ke fito da launin, amma in ta yi yawa sai ya yi duhu ya karkata shunayya, ɗigon lemun tsami kuma ya mai da shi wajen ruwan goro. Kyakkyawan ja ne, sai dai rini ne, rana tana rage shi. Mai dawwama shi ne jan dutse, koya. A niƙa shi da ruwa a kan dutse, a zuba a kwalba a cika da ruwa, a girgiza, a jira minti 1 tsakuwa ta kwanta, a tsiyaye jan ruwan sama a wata kwalba, a bar shi ya kwana. Laka mai laushi da ta kwanta ita ce launin. Kashi 1 nata, kashi 1 na ruwan ƙaro, sannan ruwa kaɗan-kaɗan har ta gudu. In ka ji alƙalami yana kartar takarda, a sake tsiyayewa. Bai kai karan dafi haske ba, kuma dole a riƙa motsa kurtun bayan kowane layi 2 ko 3, amma jikokinka za su same shi yadda ka bar shi.

Rawaya ne mai wuyar sha'ani. Saiwar rawaya da gangamau suna dushewa. Zarniƙi, wanda magabata suka yi hamza da shi, yana da kyau ƙwarai amma guba ne, sinadarin asenik ke cikinsa, ba a niƙa shi a busashe, ba a lasar alƙalaminsa, ba a barinsa inda yara suke. Rawayan gari na kanti ya fi shi kwanciyar hankali. Koren da aka haɗa da bula da gangamau bayan wata 2 shuɗi zai koma, tunda rabinsa ya gudu. Koren tsatsar tagulla kuma, irin na da, yana cin takarda fiye da ƙarfe. A nan mu kanti muke ba gaskiya, a nemi mai lamba PG7.

Na kanti

Ba kullum ake samun su a gari ba, sau da yawa sai an yi saƙo Kano ko Legas, don haka a san abin da za a ce a sayo. Parker Quink da Pelikan 4001 na alƙalami mai tanki ne, galibi rini ne, sun yi ruwa da yawa ga gamba sai an ƙara musu ƙaro, kuma da an ƙara ba sa komawa cikin tanki. Ecoline rini ne mai haske sosai, ruwa yana tayar da shi, rana tana cin sa: na zanen da za a ɗauka a hoto ne. Tawadar zane ta Winsor & Newton tana ruɗar mutane, domin shalak ɗin cikinta yana hana ruwa tayar da ita, sai a zaci mai dawwama ce, alhali yawancin launukanta rini ne. Jure ruwa daban, jure rana daban. Bombay ta Dr. Ph. Martin's da FW ta Daler-Rowney gari ne, suna jure duka biyun, su ne suka dace da aikin bango. Wahalarsu ita ce wanki: kwanon ruwa a gefe, ana kurkure baki duk minti 10, domin da sun bushe a buroshi an yi sallama da shi. Ko kusa kada su shiga alƙalami mai tanki.

Ruwan zinari na kanti ƙyalƙyali ne mai nauyi, yana kwantawa cikin minti kaɗan. A zuba kaɗan, a riƙa motsawa da tsinke, a ɗora wa alƙalami da buroshi maimakon tsomawa.

Kada a gauraya tawadar kamfani 2 a kwalba. In dole ne, ɗigo 5 na kowace a murfi, a bari ya kwana. Mai shalak in ta haɗu da mai tsami tana tsinkewa kamar nono.

Ruwan sirki da ajiya

Ruwan da ake sirka tawada da shi yana da tasiri. In butar shayinka tana yin farin ɓawo a ciki, ruwan unguwarku yana da farar ƙasa, abin da ba baƙo ba ne a yankin da ake haƙar dutsen siminti a Kalambaina. Irin wannan ruwa yana dusashe baƙin bagaruwa, yana sa mai shalak gudaji. Ruwan sama da aka tara a fili bayan zubar farko, aka tafasa aka tace, shi ya fi. A hunturu kurtu a buɗe yana ƙafewa cikin awa guda, sai a riƙa mayar masa da ɗigo 2 ko 3, a kuma rufe shi duk lokacin da aka ajiye alƙalami, saboda ƙura tana shiga ta zama tsakuwa a tsaga.

Tawadar gida tana yin fumfuna cikin mako 2 a lokacin zafi. Kanumfari 3 ko 4 a kwalba yana jinkirta hakan. A yi kaɗan-kaɗan, a ajiye a kwalbar gilashi a inuwa, murfin roba ba na ƙarfe ba. Wadda ta yi wari ko yauƙi ta tashi daga aiki.

Gargaɗi ɗaya da ba ya ɗaukar sassauci: babu ko ɗaya cikin tawadar kanti, ko garura, ko bula, ko zarniƙi, da ya halatta ya hau allon da za a wanke a sha. Wannan allon nasa gawayi ne da ƙaro, da kurtunsa da alƙalaminsa daban, kuma a yi musu alamar da ko almajirin da ya zo jiya zai gane.

Shafukan gwajin kuma kada a yar. A rubuta sakamakon a gefen kowane layi da fensir, a haɗa su a tadarishi guda. Kamfanoni suna canja haɗi ba tare da sun canja kwalba ba, jabu ma yana yawo, bagaruwar bana kuma ba lallai ta kai ta bara ƙarfi ba. Duk sabuwar kwalba, ko da sunanta ɗaya da wadda ta ƙare, a ja mata layinta a ƙarƙashin na tsohuwar, a sa mata kwanan wata, a kai ta taga.